Amsa: Ƙananan macizan boa a matsayin dabbar gida

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai boa da ba ta girma sosai. Akwai. Irin tsibirin Hog da ke gaɓar Honduras kan tsaya wajen mita 1.5 zuwa 1.8, irin tsibirin Caye Caulker na ƙasar Belize ma bai kai haka ba. Ba su da dafi, matse abincinsu suke yi.

Amma ka sani, takan rayu shekara 20 zuwa 30, riƙo ne mai tsawo. Ka tanadi akwati mai makulli, gefe ɗaya da ɗumin digiri 31, ɗayan kusan 26, da ɗan danshi, in ba haka ba saɓarta za ta maƙale. Idan ta girma, ɓera ɗaya duk mako biyu ko uku ya ishe ta. Ni dai na fi so ka sayi wadda aka haifa a hannun masu kiwo.