Kun Tambaya, Mun Amsa: Yadda Ake Gane Tsuntsayen Daji

Tambaya: Na sayi littafin tsuntsaye mai hotuna, amma kafin in kai shafin da nake nema tsuntsun ya tashi, sai in tarar da hotuna uku ko huɗu duk sun yi kama da shi. Ina kuskurena yake?

Amsa: Malam, gaggawar buɗe littafi ce take cutarka. Muddin tsuntsu yana zaune, kada ka ɗauke ido daga kansa. Fara da girmansa: ya kai kurciya, ko ya kai hankaka? Sannan baki: gajere mai kauri na cin tsaba ne, siriri na kama ƙwari, ko lanƙwasasshe na yagar nama? Dubi tsawon ƙafa da launinta, da jela, ko mai baki biyu ce ko a daidaice take. Lura da halinsa: tsalle yake yi ko taku, shi kaɗai ne ko cikin garke? Rubuta wannan duka tare da rana da irin wurin, sannan ka buɗe littafi.

Launi ka bar shi ƙarshe, domin shi ya fi yaudara. Ga fararen tsuntsaye biyu a bakin ruwa. Balbela bakinta gajere ne rawaya, wuyanta gajere mai kauri, kuma tana bin shanu. Ɗayan, wanda masana ke kira Egretta garzetta, bakinsa baƙi ne siriri, ƙafafunsa baƙaƙe, amma yatsunsa rawaya, kamar ya taka fenti. Wanda ya rubuta "fari ne" kawai bai riƙe komai ba. Ita kanta balbelar, lokacin kiwon ƙwai gashin kanta da ƙirjinta da bayanta kan koma ruwan ƙasa-ƙasa. A jinsuna da yawa kuma mace da ɗan tsako ba sa kama da namijin da aka fi zanawa babba a shafi.

Kada ka tsallake ƙaramar taswirar da ke gefen kowane hoto. Cikin hotuna huɗun nan, sau da yawa biyu ba sa ma rayuwa a yankin da kake.

Tambaya: An ce manhajar waya tana faɗin sunan tsuntsu daga hoto ko kukansa. In dogara da ita?

Amsa: Ka yi amfani da ita, amma ka ɗauki amsarta a matsayin shawara. Wadda aka fi sani ita ce Merlin, ta cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell a Amurka, ta fito a 2014, aka ƙara mata gane kuka a 2021. Kyauta ce. Sauke kunshin bayanan tsuntsayen yankinka tun kana da intanet, ka tabbatar wuri da kwanan wata daidai suke, in ba haka ba za ta kawo maka tsuntsun wata nahiya. Kunnenta ya fi sabawa da tsuntsayen Amurka da Turai, don muryoyin can aka fi tarawa. Iska, ƙarar inji da tsuntsaye masu kwaikwayon kukan wasu duk suna ruɗa ta.

In za ka ɗauki kuka, ka juya wa iska baya, ka yi shiru, ka ɗauki aƙalla daƙiƙa 30. Sai ka gwada shi da na xeno-canto, rumbun kukan tsuntsaye a intanet wanda aka kafa a 2005, ka kuma duba eBird, shafin da masu kallon tsuntsaye ke rubuta abin da suka gani tun 2002, ko an taɓa ganin jinsin a yankin a wannan watan. Roƙonmu ɗaya: kada ka riƙa kunna kukan da ƙarfi kusa da sheƙa. Tsuntsun zai zaci abokin gāba ne ya shigo, ya bar ƙwai yana nemansa.

Tambaya: Littafi ya ba shirwa suna ɗaya, manhaja ta ba ta wani. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Mai yiwuwa dukansu. Jinsunan tsuntsaye a duniya sun kai kimanin 11,000, kuma masana kan raba jinsi ɗaya gida biyu ko su haɗe biyu idan sabon bincike ya fito. Shirwa mai baƙin baki ita ce Milvus migrans. Mai rawayan baki kuwa, wasu sun ware ta da sunan Milvus aegyptius, wasu na ƙirga ta reshen ta farko. Don haka ka duba shekarar da aka buga littafinka, ka riƙa rubuta sunan Latin mai kalma biyu kusa da na Hausa, tun da suna ɗaya na Hausa kan ɗauki jinsi fiye da ɗaya. Ka kuma yi hattara da ƙananan shirwa: ɗiyar mai rawayan baki ma bakinta duhu ne har sai ta girma.