Tambayi Likita: Lafiyar Iyayenmu Tsofaffi

Likita, mahaifiyata ta haura shekara 70. Tun da mahaifinmu ya rasu bara ta rage cin abinci, kullum kukan ciwon jiki take yi, an yi gwaje-gwaje ba a ga komai ba. 'Yan'uwana sun ce tsufa ne kawai. Haka ne?

Allah ya jiƙan Baba, ya ba Mama lafiya. Malama, ban yarda tsufa ne kawai ba, kuma wannan kalmar ta cuci tsofaffi da yawa. Ciwon damuwa ba kasafai yake zuwa wa tsoho da hawaye ba. Yakan zo da ramewa, da farkawa tsakar dare barci ya gagara, da ciwon jikin da aka rasa tushensa, wani lokacin har da mantuwa. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 14 cikin 100 na masu shekara 60 zuwa sama suna fama da matsalar da ta shafi tunani, kuma damuwa da fargaba ne a kan gaba.

Ku mayar da ita asibiti, amma a wannan karon ku faɗa wa likita zancen rasuwar, ku nemi a duba damuwa. Damuwa tana da magani, kuma tsofaffi suna samun sauƙi kamar kowa.

Ga abin da ya fi tsaya min a rai. Mukan nuna wa iyaye ƙauna ta hanyar karɓe musu kowane aiki: "Mama zauna, Mama huta." Sai ta wuni tana kallon ƙofa, babu mai neman komai a wurinta. Matar da ta shekara da shekaru tana kula da miji, yanzu ba ta da wanda za ta tashi dominsa. Ku nemi shawararta da gaske, ku bar mata ɗan aikin da za ta iya. Kada a ajiye mata kwano a fita, a zauna a ci tare. Idan kuwa ta fara cewa gara ta mutu ta huta, a kai ta asibiti a ranar.

Kakana ya daina shiga hira, sai murmushi da gyaɗa kai. Mantuwa ce ta kama shi?

A fara duba kunnensa. Fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka wuce shekara 60 suna da raunin ji da ke kawo musu cikas, kuma wanda ya gaji da cewa "me ka ce?" shiru yake yi. Wani dattin kunne ne kawai ya toshe shi, wani kuma na'urar ƙara ji yake buƙata. Ka fuskance shi ka yi magana a tsanake, ban da ihu.

Shekarata 68. Ina shan diazepam don barci, sau biyu ke nan ina faɗuwa da dare.

Baba, ina zargin maganin nan. Yana daɗewa a jikin mai shekaru, ya bar shi da jiri da tangaɗi. Kada ka daina shi rana ɗaya, hakan yana da haɗari, likita ne zai riƙa rage maka shi a hankali. Ka tafi masa da duk magungunan da kake sha, har da na hawan jini, ya auna jininka a kwance da a tsaye. Kafin nan, ka bar fitila a kunne a hanyar banɗaki, kuma in ka farka ka ɗan zauna a bakin gado kafin ka miƙe.