Amsa ga mai neman masauki da abinci mai sauƙin kuɗi a Sabiya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka cewa kai da maiɗakinka za ku yi kwana 10 a Sabiya, kuna son ganin Belgred da Nobi Sad da Nish, guzurin ba yawa, ga kuma zullumin abin da za ku ci wanda babu alade a ciki. Sau biyu na je ƙasar, shi ya sa na ce bari in zauna in amsa maka a tsanake.

Kada ka zuba kwanakinku a Belgred, nan ne kuɗi ke zurarewa. Kwana 3 ya ishe ku ganin ganuwar Kalemegdan, inda kogin Saba ya haɗu da Danub, da titin Knez Mihailova. Nobi Sad kuwa ba sai kun kwana ba: jirgin ƙasa mai gudu da suke kira Soko, wanda ya fara aiki a 2022, bai cika minti 40 ba ya kai ni, na wuni na dawo da magariba. Ragowar kwanakin ku yi su a kudu, don ɗaki da abinci sun fi araha a can. Nish, da ke kudun, tafiyar kamar awa 3 ce a bas daga Belgred.

Kan masauki, abin da ya fi araha ga mutum biyu shi ne ɗakunan haya da suke kira apartman, masu ɗan kicin a ciki. Amma kafin ka biya, ka rubuta wa mai gidan ka tambaye shi ko zai yi muku rajista. Dokar ƙasar ta ce a sanar da 'yan sanda zuwan baƙo cikin awa 24, su ba da shaidar da ake kira beli karton, wato farin kati. Otal na yin wannan da kansa, ba ma sai ka sani ba. Zuwana na farko na bi araha na kama ɗaki wurin wani mutum da ya ajiye mini makulli ya yi gaba. Sai da na yi ta kiransa, washegari muka ɓata safiya guda a zaune a ofishin 'yan sanda. Ɗan abin da na rage bai kai wannan tashin hankalin ba. Akwai kuma ɗan harajin kwana da ake karɓa a kan kowane mutum, bai kai yuro 2 ba, ka tambaya ko yana cikin farashin. Kuma ba dole ka kama ɗaki a tsakiyar gari ba, tunda daga Janairun 2025 bas da taragon cikin Belgred kyauta ne. Ni Zemun na fi so, unguwa ce a bakin Danub mai natsuwa.

Kuɗinsu dinari ne, yuro 1 na kamawa wajen dinari 117. Ka canza kaɗan a filin jirgi, sauran a shagunan canji masu allon menjačnica da ke ko'ina cikin gari.

Yanzu batun ciki, wanda shi ne ya fi damuna a kanku. Mutanen nan masu cin alade ne sosai, kuma gasasshen niƙaƙƙen naman da suka shahara da shi, pljeskavica da ćevapi, sau da yawa gauraye yake da na shanu da na alade. Ko waken da suke dafawa akan jefa masa ƙyafaffen nama. Wanda ya fi ɓuya shi ne kitsen alade. Wata safiya a Nish na shiga gidan burodi, pekara suke cewa, matar ta ɗaga wuƙa za ta yanko mini burek, wani gashin fulawa mai falle-falle, mai cuku a ciki, daga wani faffaɗan faranti, yana tururi, mai na ƙyalli a samansa. Na ce mata "mast ili ulje?", ma'ana kitse ne ko man girki. Ta ajiye wuƙar ta ce "mast", ta nuna mini wani tire a gefe. Ka haddace wannan tambayar, da kuma "bez svinjetine", wato ban da alade.

Kalmar da ta fi taimakona ita ce posno. Kiristocin Otodoks na Sabiya suna da azumin da ba sa cin nama ko madara ko ƙwai, don haka gidajen burodi da na abinci da yawa suna ware abinci su rubuta masa posno. Babu kitsen dabba a ciki, kuma shi ne mafi araha. Gasasshen wake da albasa da ake kira prebranac, ga burodi da ajvar na jan tattasai, wallahi sai ka ƙoshi ka wuni. Da rana ku nemi ƙananan gidajen da ma'aikata ke cin dafaffen abinci, ku bar Skadarlija, tsohon titin gidajen abinci na Belgred, ga masu yawon buɗe ido, can kiɗa da fitila ake sayar maka. Ku yi cefane a kasuwar Zeleni Venac ko Kalenić, tumatir da cuku da ƙwai, maiɗakinka ta haɗa karin kumallo a ɗaki. Idan kuka je masallacin Bajrakli a unguwar Dorćol, ku tambayi masallata inda suke sayen naman halal. Ka kuma sani ana shan taba a cikin gidajen abinci da dama, ku riƙa zama a waje.

In da hali, ka cire kwana 2 ku tafi Nobi Pazar, kamar awa 5 daga Belgred a bas. Yawancin mutanen garin Musulmi ne. Can ne kawai na zauna na ci ćevapi na shanu zalla da mantije masu zafi, wato ƙananan gashin fulawa masu nama a ciki, ba tare da na tambayi kowa komai ba, ina jin kiran sallar la'asar daga masallacin Altun-alem. Allah ya kai ku lafiya, ka gaida maiɗakin.