George Stubbs, mai zanen da ya feɗe doki kafin ya zana shi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai sha'awar dawaki ne daga Katsina, na tashi na tarar da barga a gidanmu. Kwanan baya aka turo mini hoton wani jan ingarma ya ɗaga ƙafafun gaba sama, ba mahayi, ba sirdi, ba komai a bayansa. Wanda ya turo ya ce zanen hannu ne na wani Bature, tun kafin a ƙirƙiro kyamara. Mun sha gardama da abokaina, wasu sun ce aikin kwamfuta ne. Wane ne mai zanen, ta yaya ya san jikin doki haka, kuma dawaki kaɗai yake zanawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wanda ya turo maka ne da gaskiya. Yadda ka siffanta shi, zanen Whistlejacket ka gani, wanda George Stubbs ya yi wajajen 1762. Dokin na gaske ne, ya rayu, ya yi sukuwa, ya ci wata babbar tsere ta mil 4 a filin Newmarket na Ingila a 1759. Jika ne ga Godolphin Arabian, ɗaya daga cikin ingarmu uku da dawakin tseren Ingila suka samo asali daga gare su. Mai shi, Lord Rockingham, attajiri ne da daga baya ya riƙe muƙamin firaministan Birtaniya har sau biyu. Abin da waya ba za ta nuna maka ba shi ne girman zanen: tsawonsa ya kusa mita 3, faɗinsa kusan mita 2 da rabi. Wato in ka tsaya gabansa, doki ne sosai a kanka. Yana rataye a gidan adana zane-zane na National Gallery a Landan, waɗanda suka saye shi a 1997 kan fam miliyan 11.

An haifi Stubbs a Libaful a 1724. Mahaifinsa mai gyaran fata ne, yana karɓar wadda aka jeme ya laushe ta ya sayar, kuma a wannan sana'a yaron ya fara aiki. Bayan rasuwar uban a 1741 ya ɗan zauna gaban wani mai zane, Hamlet Winstanley, amma ba su daɗe ba suka rabu, domin aikin da ake ba shi kwaikwayon zanen wasu ne, shi kuwa abu mai rai yake so ya duba. Daga nan kusan duk abin da ya iya, da kansa ya koya. Ya koma birnin York yana zana fuskokin mutane don ya ci abinci, yana kuma koyon ilimin sassan jikin ɗan Adam a asibitin garin, har ya zana hotunan wani littafin ungozoma da likita John Burton ya fitar a 1751. Ya leƙa Italiya a 1754 kamar yadda masu zane na lokacin suke yi, ya dawo.

Amsar tambayarka ta biyu tana wani ƙauye da ake kira Horkstow a lardin Lincolnshire. A 1756 ya kama hayar gidan gona a can, shi da Mary Spencer, matar da ya rayu da ita har ƙarshen ransa, ya shafe wata 18 yana fiɗar dawaki. Yadda yake yi ba abin jin daɗi ba ne ga mai son doki irinka. Yakan tsiyaye jinin dokin har ya mutu, sannan ya ɗura narkakken kitse a jijiyoyin jini don kada su lotse. Sai a rataye gawar da ƙugiyoyi a jikin sandar ƙarfe da aka kafa a rufin ɗaki, a sa katako ƙarƙashin kofatai, dokin ya tsaya kamar mai rai. Daga nan ya cire fata ya zana abin da ya gani. Ya cire tsokar sama, ya zana ta ƙasa. Haka zai yi ta sauka, hawa bayan hawa, har ya kai ƙashi, yana zanawa ta gefe, ta gaba da ta baya, yana rubuta bayanin kowane sashe. Gawa ɗaya takan yi makonni a rataye, a zamanin da babu firji. Ka ƙiyasta warin da kanka.

Da ya kai zane-zanen Landan, masu sassaƙa hoto a farantan jan ƙarfe don ɗab'i suka ƙi karɓar aikin. Sai ya zauna ya sassaƙa su da hannunsa a lokutan da ba ya aikin kuɗi, abin da ya ja shi shekaru. A 1766 littafin ya fito da sunan The Anatomy of the Horse, da manyan hotuna 18. Kafin shi, abin da ake dogaro da shi a Turai littafin Carlo Ruini ne ɗan Italiya, na 1598, da waɗanda suka kwafe shi. Har masanin sassan jiki na Holan, Petrus Camper, ya rubuto masa takardar yabo.

To, wannan shi ne sirrin. Kamar yadda mahauci ke duban bijimi a kara ya san inda kowace tsoka ta kwanta tun ba a yanka ba, haka Stubbs yake duban doki. Ka sake buɗe hoton ka dubi cinyar baya, inda duk nauyin dokin ya sauka, ka ga yadda tsoka ta ɗaure. Ka dubi jijiyoyin da suka taso a ƙafa da fuska, da farin idon da ya juyo yana kallonka. Waɗanda suka gabace shi a wannan fage, irin su John Wootton da James Seymour, sun iya zana siffar doki daga waje, amma dawakinsu a sandare suke, kusan duk kamarsu ɗaya. Na Stubbs kowanne da halinsa, mai barga zai iya nuna nasa.

Masu kuɗi sun gane haka tun littafin bai fito ba. Wajajen 1759 basaraken Richmond ya ba shi aikin manyan zane uku a gidansa na Goodwood, daga nan manyan masu dawakin tsere suka yi ta layi. Cikin 'yan shekaru ya mallaki gida a titin Somerset a Landan, inda ya zauna har mutuwa. A shekarun 1760 ne ya yi jerin zanen goɗiyoyi da 'ya'yansu, waɗanda ni a ganina sun fi Whistlejacket daɗin kallo, ko da ba su kai shi suna ba. Batun bayan da ka ce ba komai kuwa, akwai labarin da ake bayarwa cewa an so a zana Sarkin Birtaniya George na Uku a kan dokin sannan aka fasa. Amma akwai wasu zanen da ya yi wa Rockingham a daidai wannan lokaci su ma bayansu wayam, don haka na fi karkata ga cewa da gangan aka bar shi.

Ba dawaki kaɗai ya zana ba. Ya zana karnukan farauta da yawa, da jakin dawan Sarauniya Charlotte a 1763, da karkanda, da zaki yana kai wa doki farmaki, jigon da ya yi ta maimaitawa kusan shekara 30. A 1772 ya zana wa masanin tsirrai Joseph Banks kangaru, dabbar da bai taɓa gani da rai ba, sai fatar da aka kawo daga Ostireliya.

Ya kuma zana rayuwar karkara. Shahararru su ne biyun da ya yi a 1785, na masu tara ciyawa da na masu girbi, waɗanda suke gidan adana zane-zane na Tate a Landan. A tsari ba su da makusa, amma a nan ina da magana. Mutumin da ya jure warin mushe don kada ya yi wa tsoka ƙarya, ya zana leburorin gona da fararen tufafi tas, mata da huluna masu ado, ba gumi ba ƙura. Wanda ya taɓa yini a gona lokacin girbi zai yi murmushi. A zamanin ana killace filayen da talakawan ƙauye suke kiwo a kansu, amma masu sayen zane ba wannan suke so su rataya a falo ba. Inda ya fi yi wa talaka adalci shi ne 'yan barga. A zanen Hambletonian na 1800, dokin ya gama wata tsere mai tsanani a Newmarket, ya jigata, ana goge masa gumi, mai kula da shi da yaron barga suna kallonka ido cikin ido, maigidan kuwa ba ya ciki ko kaɗan. Maigidan, Sir Henry Vane-Tempest, ya ƙi biya, sai da Stubbs ya kai shi kotu ya yi nasara, yana da shekara sama da 75.

Wani abu guda duk saninsa bai kai ba: doki a guje. Shi ma yakan zana shi da ƙafafun gaba a miƙe gaba, na baya a miƙe baya, duk a sama, kamar yadda kowa yake yi a lokacin. Fiɗa ba ta nuna motsi. Sai a 1878 hotunan kyamara na Eadweard Muybridge a Amurka suka nuna cewa lokacin da kofatai huɗu suka bar ƙasa, a tattare suke ƙarƙashin ciki.

Duk da wannan aiki, manyan masu zane na zamaninsa ba su ɗauke shi sa'ansu ba. A ma'aunin Royal Academy, ƙungiyar masu zane da aka kafa a 1768 ƙarƙashin Joshua Reynolds, zanen tarihi ne a sama, na dabbobi can ƙasa, shi kuwa "mai zanen doki" ake ce masa. An zaɓe shi cikakken mamba a 1781, amma bai miƙa zanen da ƙa'ida ta ce sabon mamba ya bayar ba, kujerar ba ta tabbata ba. Ya zuba kuɗi da lokaci wajen zane da fentin da ake gasawa a wuta, a kan farantan tangaran da Josiah Wedgwood ya ƙera masa, masu saye ba su yi ɗoki ba. Ya tsufa cikin ƙuncin aljihu. Sai a ƙarni na 20 darajarsa ta dawo, musamman da attajirin Amurka Paul Mellon ya shiga tara ayyukansa. A 2011 an sayar da zanensa na dokin Gimcrack kan fam miliyan 22.4.

A 1795, yana da shekara 70 da 'yan kai, ya koma ga wuƙar fiɗa. Wannan karon ya so ya kwatanta ƙirar jikin mutum da ta damisar Asiya da ta kaza. Yana kan aikin ya rasu a Landan ranar 10 ga Yuli, 1806, bai kammala ba. Zane-zanen sun ɓace wa masana shekaru masu yawa, sai a 1957 aka gano su a wani ɗakin karatu na jama'a a garin Worcester na jihar Massachusetts ta Amurka, yanzu kuma suna cibiyar adana zanen Birtaniya ta Jami'ar Yale.