Jibin Ubangiji sabuwar hadaya ce ko tunawa?

Ɗan'uwa, ka ce abokin karatunka a Samaru ya tambaye ka ko duk ranar Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ruwan inabi a ikilisiya, sake yin hadaya da Yesu ake yi, kamar layya.

Ba sakewa ake yi ba. A Tsohon Alkawari firist yakan yanka dabba saboda zunubin jama'a, shekara ta zagayo a sake. Ibraniyawa sura 10 ta ce jinin bijimai da awaki ba ya kawar da zunubi, amma Almasihu ya miƙa kansa sau ɗaya tak a kan gicciye. Jibin kuwa ya kafa shi ne a daren Idin Ƙetarewa na Yahudawa, ya gutsuttsura gurasa, ya ba da ƙoƙon ruwan inabi, ya ce a riƙa yi don tunawa da shi (Luka 22).

Daga nan ɗariƙu suka rabu. Katolika sun gaskata gurasar da inabin suna zama ainihin jikinsa da jininsa, kuma Misa, wato sujadarsu ta jibin, ita ce hadayar nan ɗaya, ba wata sabuwa ba. ECWA da Baftis sun fi ɗaukarsa alama da tunawa. Angilikan, irin na Wusasa, suna tsakani.

Inda mutane ke kuskure: ɗaukar jibin kamar laya ko maganin ciwo, da cinsa da gaba a zuciya, alhali Bulus ya ce kowa ya fara gwada kansa (1 Korintiyawa 11). In kuma ka je Misar biki alhali kai ba ɗan Katolika ba ne, kada ka shiga layin karɓa.

Batun ko kai ka isa ci, musamman in ba a yi maka baftisma ba, wannan sai faston ikilisiyarku.