Tambaya da Amsa: Ƙanena na hana kanshi ruwa don sikeli ya karɓe shi

TAMBAYA: Salamu alaikum Likita. Ina da ƙane ɗan shekara 19 shina damben zamani, wanda ake sa safar hannu, nan Gusau. Gasa ta matso sai koci yac ce mai sai ya rage kilo 5 cikin kwana shida in ba haka ba sikeli zai fidda shi. Yanzu da azahar sai ya sa leda cikin riga ya ɗora suwaita ya yi ta gudu cikin wagga rana, ruwa sai dai ya kurkure baki ya zubar, ga cingam shina tauna shina tofa miyau cikin gora. Jiya na tarar da wata ƙwaya aljihunshi wai ta sa fitsari ce. Inna ta yi magana yac ce haka kowa ke yi har Turawa. Dan Allah da haɗari ko mu ƙyale shi?
Daga wata 'yar'uwa, Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kar ku ƙyale shi, wallahi tun daga wajen ledar nan hankalina ya tashi.

Kin ga abin da ke sauka a sikelin nan ba kitse ba ne, ruwan jikinsa ne. Kitse ba ya narkewa kilo biyar a kwana shida ko da mutum ya daina cin abinci, amma jikin ɗan Adam kusan kashi 60 cikin ɗari ruwa ne, lita ɗaya kuma kilo ɗaya ce, shi ya sa matse shi ke da sauƙi. To in ruwa ya yi ƙasa jini na raguwa ya yi kauri, zuciya ta riƙa bugu da sauri don ta kai shi ko'ina, ƙoda kuma da ke buƙatar ruwa ta tace datti sai ta fara gazawa, ga leda ta hana zufa bushewa balle jiki ya huce, a zafi irin na Gusau da ke wuce digiri 40 lokacin bazara mutum zai iya yanke jiki ya faɗi yana cikin gudu.

Ƙwayar nan ta fi komai ba ni tsoro. Irinsu Lasix ne da ake ba masu ciwon zuciya ko kumburin jiki, suna fitar da ruwa haɗe da gishirin jiki, musamman fotasiyam wanda da shi zuciya ke riƙe tsarin bugawarta. Hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ma ta haramta su, in aka gano a fitsarinsa dakatar da shi za a yi.

Maganar wai kowa na yi, eh ana yi, kuma ana mutuwa. A Amurka cikin Nuwamba da Disambar 1997 ɗaliban jami'a uku 'yan kokawa suka rasu suna wannan matse jikin, ɗayansu shekararsa 19 kamar ƙanenki. A Disambar 2015 wani ɗan wasan faɗa ɗan ƙasar Sin mai suna Yang Jian Bing, ɗan shekara 21, ya rasu a Filifin ranar da zai yi faɗa, bayan nan ne kamfanin ONE Championship mai shirya gasar ya hana rage nauyi ta hanyar ƙishirwa ya fara gwada fitsarin 'yan wasa. Ko ƙanenki ya tsallake awon sikelin ma, wanda ya bushe hannunsa ba nauyi, ƙafa ba ƙwari, sannan a haka zai miƙa kai a yi ta duka.

Yau ɗin nan ki karɓe ƙwayar, ya cire ledar, ya sha ruwa a hankali tare da ORS, ruwan gishiri da sukarin nan da ake ba yara masu gudawa. Ki tambaye shi kalar fitsarinsa, in ya koma kamar baƙin shayi ko ya wuni bai yi ba, ko jiri na ɗibarsa, ko ya fara magana ba kan gado, asibiti kai tsaye. In ya suma kar a ɗura masa ruwa a baki, a kai shi inuwa a cire kayan a jiƙa masa jiki kafin a samu mota.

Shi kuma koci, a samu babba a gidan, Baba ko Kawu, ya je ya same shi da mutunci a mayar da yaron ajin nauyin da ke sama. In ajin ƙasan yake so dole, sai ya bari wata gasar ya fara tun saura wata biyu ko uku, rabin kilo a sati, ya rage lemon kwalba da soye-soye, yana cin tuwonsa yana shan ruwansa.