Agogonmu ɗaya da Maroko, amma ranarsu daban take

Malam, ka tambayi bambancin lokaci tsakaninmu da Maroko, da kuma ko tsohon garin Ait Ben Haddu da Marzuga, ƙauyen bakin hamada, sun cancanci wahalar hanya. Na je a watan Disamba, bari in gaya maka abin da na gani.

Tun 2018 Maroko ta tsayar da agogonta daidai da na Najeriya da Nijar, sai in azumi ya zo su ja shi baya da awa ɗaya, bayan sallah su mayar. In tafiyarka ta faɗo kusa da Ramadan, kada ka dogara da wayarka kaɗai, tambayi mai masauki ƙarfe nawa ne.

Abin da ya ruɗe ni shi ne rana. Ƙasar tana yamma da mu sosai, kuma tana can arewa, don haka a hunturu gari ba ya wayewa da wuri. Daren farko a Marzuga na tashi biyar da rabi kamar yadda na saba a Kano, na yi alwala da ruwan da ya kusa ƙandare min yatsu, na zauna jiran asuba. Shiru. Sai wajen bakwai saura kwata lokaci ya yi, rana kuma ba ta leƙo ba sai bayan takwas. Mai raƙumin da zai kai mu kallon fitowarta ya same ni a ƙudundune cikin bargo, ya yi ta dariya.

Ait Ben Haddu kuwa, daga Marrakesh awa huɗu ne, ta kan tsaunukan Atlas, hanyar duk kwana-kwana ce, mai jin jiri ya sha magani. Gari ne na jar ƙasa a jikin tudu, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi a 1987. Turawa na ta mamakin ginin, ni da na san Agadas sai na ji kamar na zo gidan dangi. Yawancin mutanen sun koma sabon gari a tsallaken rafi, cikin tsohon sai 'yan gidaje da masu sayar da tsaraba. Awa uku sun ishe ka. Mutanen yankin ka ce musu Amazigh, sun fi son wannan suna da Barbar. 'Yan'uwan Buzaye ne, ga harafinsu na Tifinag nan a allunan hanya.

Marzuga ce ta biya ni. Tudun yashin Erg Shebbi wani ya kai mita 150, ga ƙauyen Khamliya inda baƙar fata 'yan Gnawa ke kiɗa, kakanninsu daga kudancin Sahara aka kawo su. Sai dai nisa: daga Marrakesh yini guda ne cur a mota. Ka ware kwana uku, ka riƙe kuɗinsu, dirhami, a aljihu, ka kuma ɗauki rigar sanyi mai kauri.